Daji Ya Zama Gari, Gari Ya Fi Ƙarfinmu: Tarihin Gida da Haya a Zangunan Kurmi

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta fi yawo a bakin mutanenmu kamar maganar gida. Mai shago yana kuka da haya, mai iyali yana kuka da haya, saurayi ya haɗa lefe amma tarewa ta gagara domin ɗaki ɗaya ya fi ƙarfinsa. Wanda Allah ya hore wa ɗan abin hannu kuma yana cikin waswasi: a nan zai sayi fili, ko kuwa ya aika kuɗinsa Arewa? Wannan tambaya ta girme mu duka, don kakanninmu ma sun yi ta. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya mu ga yadda aka faro. Wanda ya bi tarihin a hankali zai ga abu guda yana ta maimaita kansa: mu ne muke kai kasuwa daji, kasuwa ta mai da dajin gari, daga nan garin ya yi tsadar da mu da muka raya shi ba mu iya sayen taku ɗaya a cikinsa.

Yadda aka kafa zango

Fataken Hausawa sun daɗe suna shiga Kurmi tun kafin zuwan Bature, amma abin da ya zaunar da su da yawa shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya taso daga Ikko ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Tafiyar da ayari ke yi wata da watanni da jakuna ta koma ta 'yan kwanaki. Shanu suka riƙa gangarowa, goro yana hawa. A wannan zamanin ne kuma manoman Yarabawa suka duƙufa wajen shuka goro irin na Gwanja a Agege da Ota da Abeokuta da Shagamu, sai ya zamana ba dole ne a dangana da ƙasar Asante ba kafin a ɗaure huhu.

Da farko a gidajen Yarabawa mutanenmu ke sauka, a Badun galibi a kewayen Oja'ba, wato kasuwar sarki. A 1916, zamanin Baale Shittu, hukumar gari da Turawan mulki suka yanka wa Hausawa wuri a bayan gari, daura da Mokola, aka ce kowa ya koma can ya zauna ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Wurin nan shi ne Sabo. A lokacin daji ne, ba wanda ke ƙyashinsa. Yau wanda ya hau gadar sama ta Mokola ya duba gabas da yamma, ai ya san a cibiyar Badun yake tsaye.

Akwai abu biyu da ya kamata mu riƙe game da wancan zama na farko. Na ɗaya, ba sayar wa kakanninmu ƙasar aka yi ba, ba su aka yi su zauna. Gini naka ne, kana iya sayar da shi a gaban sarki da shaidu, amma ƙasar ta masu gari ce. Na biyu, gida a wancan lokaci kayan sana'a ne, kamar yadda sikeli yake ga mai awo. Baƙo zai kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki, a ba shi tuwo, a ajiye masa kuɗinsa. Maigida ya sa dillalansa su sayar wa mahautan gari bashi, shi kuma ya tsaya lamuni, in mahauci ya gudu shi zai biya. Haka abin yake a goro. To ka ga yawan ɗakunanka yawan baƙinka, yawan baƙinka yawan la'adarka.

Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Badun a 1962 da 1963 yana bincike. Ya ƙirga mutum 4,000 da 'yan kai a unguwar, ya kuma tarar masu gida kimanin 30 ne ke riƙe da fiye da rabin gidajenta. Sauran jama'a, dillalai da yaran gida da 'yan dako da almajirai, a ɗakunan iyayen gidansu suke kwana, wani kyauta, wani da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka talakan zango bai ji zafin rashin gida ba. In ya sami kuɗi sai ya yi aure, ko ya sauke farali, ko ya aika Kano ko Katsina ko Sakkwato a tayar masa da bango. Karin maganar da ke bakin kowa ita ce, baƙo raɓa ne.

Ƙasar ta wace ce?

Kafin a yi maganar kuɗin gida dole a yi maganar ƙasa, domin hukuncinta a Arewa daban ne da na Kudu, kuma bambancin nan yana cikin farashi har gobe.

A Arewa, tun 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa ƙasa duka a hannun hukuma, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta ta a 1962. Mutum ya saba da zuwa wurin mai unguwa ko dagaci a nuna masa fegi. A ƙasar Yarabawa kuwa ƙasa ta zuriya ce. An tabbatar da haka a shari'ar Amodu Tijani, Cif Oluwa na Ikko, wanda gwamnati ta karɓe masa ƙasa a Apapa. Ya bi haƙƙinsa har birnin Landan, Herbert Macaulay yana raka shi, a 1921 kotun ƙoli ta daular Ingila ta ce a biya shi diyyar ƙasa cikakkiya a madadin zuriyarsa. Tun daga nan mai sayen fili a Ikko da kewaye da dangi yake ciniki, dangi kuwa rassa ne da su. Ka biya wannan reshe, gobe wancan ya taso. Nan ne tushen waɗanda ake kira omo onile, masu zuwa karɓar kuɗi ranar haƙa harsashi, su dawo ranar rufi. Abin ya kai har Jihar Legas ta yi doka ta musamman a kansu a 2016.

A ƙasar Ibo kuma jama'a ta yi wa ƙasa yawa, gonar gado tana da nauyi ƙwarai a wurinsu, sayar wa baƙo ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Anaca da Inugu da Ama Hausa ta Owerri suka fi zama a haya ko a cikin kasuwa, ko da mutum ya shekara 40 a garin.

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da dokar amfani da ƙasa. Ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta, shi ke ba da takardar mallaka a birane, galibi ta shekara 99, kuma ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewarsa. Aka cusa dokar cikin tsarin mulki na 1979, aka maimaita a na 1999. Manufar ita ce kowane ɗan Nijeriya ya iya samun fili a ko'ina. Amma a Kudu dangi ba su saki ƙasarsu ba, sai mai saye ya koma biya sau biyu: ya biya masu ƙasa, sannan ya bi ofis da kuɗin safiyo da lauya da takardar harajin shekara uku. Ɗan kasuwar da duk cinikinsa da baki ne da shaidu biyu, yawanci a kan 'yar takardar ciniki yake tsayawa. Gidajenmu da yawa a kan wannan 'yar takarda suke zaune har yanzu.

Shekarun da ƙofa ta buɗe

In ana neman lokacin da gida ya fi kusa da hannun ɗan kasuwa, to tsakanin 1973 da 1983 ne. A 1973 aka canja fam zuwa naira, fam ɗaya naira biyu, kuɗin mai kuma suka fara kwarara. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da ariyas, kasuwa ta cika da kuɗi. A shekarar ce gwamnati ta yi odar siminti fiye da kima, har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin tashar Apapa wata da watanni suna jiran sauke kaya.

Gwamnati ma ta shiga gini. An kafa hukumar gidaje ta tarayya a 1973, ita ta gina unguwar Festac domin bikin 1977, daga baya aka raba gidajen ta hanyar ƙuri'a. A 1977 ɗin aka kafa bankin ba da lamunin gidaje na tarayya. Alhaji Lateef Jakande, gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Iponri da Isolo da Abesan da sauransu. Shugaba Shehu Shagari kuma ya ƙudurta gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, ko da yake wasu gwamnonin adawa sun yi ta jan ƙafa wajen ba da fili, wasu gidajen kuma aka gina su nesa da gari har suka daɗe ba kowa a ciki.

To amma duk waɗannan tsare-tsare da mai albashi aka auna su. Ana son fom, ana son takardar haraji, ana son shaidar wurin aiki. Mai sayar da goro ko albasa ba shi da ko ɗaya. Ƙofar da ta buɗe mana mu ita ce ta filin bayan gari. Babbar hanyar Legas zuwa Badun ta fara aiki a 1978, wurare irin su Ketu da Mile 12 da bayan Agege, da Ojoo da Shasha a Badun, duk gefen gari ne a lokacin. Dattawan da suka daure suka sayi fili a wuraren nan, jikokinsu ne ke karɓar haya yau.

Akasarin iyayenmu ba su saya ba, kuma kada wani yaro ya ce wauta ce. Mutanen nan sun ga 1966 da idonsu, sun ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Sun ga Hausawan Gabas sun dawo da tabarma da buta, sun kuma ji yadda aka yi da gidajen Ibo a Fatakwal, waɗanda aka kira dukiyar da aka yasar, masu su da yawa ba su sake shiga cikinsu ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ba a ce masa matsoraci don ya shafa wa nasa ruwa.

Da naira ta faɗi

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, a watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Mu mutanen Sabo ba sai an ba mu labari ba, 'yan canjinmu a bakin titi suke. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi. Zuwa shekarun Abacha farashin gwamnati naira 22 ne a dala, na kasuwa kuwa ya haura 80. A 2015 ana wajen 197. Bayan an cire tallafin mai an kuma saki naira a tsakiyar 2023, dala ta haura 1,500 a 2024.

Gini kuwa dala yake bi, domin rodi da kwano da wayar lantarki da injinan kamfanin siminti da man da ke ɗauko yashi duk suna da ƙafa a waje. Ga ma'auni mai sauƙi. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, kusan dala 200 ke nan a lokacin. A 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a 2024 ya zama 70,000, wanda bai kai dala 50 ba a lokacin. A farkon 2024 ɗin buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, wato albashin wata guda cur na lokacin, naira 30,000, bai wuce buhu uku ba. Kada ɗan kasuwa ya ce wannan matsalar ma'aikaci ce, ai ma'aikacin ne ke sayen namanmu da tumatirinmu.

A 1992 an kafa asusun gidaje na ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, a ba mutum lamuni da ruwa kashi 6 cikin 100 har zuwa shekara 30. Nan ma sai mai takardar fili ingantacciya ke cin moriya, ga kuma maganar riba da ta sa mutanenmu da yawa ko kusa ba su zuwa.

Kowane gari da irin tsadarsa

Legas ruwa ya kewaye ta, ƙasa kaɗan ce, jama'a kuwa kullum shigowa suke. Can ne tsada ta fi ko'ina a Kudu, can ne kuma talaka ya fi fuskantar rusau. A watan Yuli 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka rushe Maroko, mutum kimanin 300,000 suka rasa matsuguni, wurin kuma ya koma cikin unguwanni mafi tsada a ƙasar nan. Masu gida sun saba karɓar hayar shekara biyu a dunƙule, har aka yi dokar 2011 da ta hana karɓar fiye da ta shekara ɗaya, amma kuɗin ejan da na yarjejeniya ba su bar ɗan haya ya huta ba. Shi ya sa mai neman fili yanzu sai ya tsallaka Jihar Ogun, wajen Mowe da Ibafo da Sango-Ota da Ifo.

Badun faɗi gare ta, ko'ina ka nufa akwai ƙasa, don haka ta daɗe tana da sauƙi a kan Legas. Sai dai mutanen Legas sun gano haka, suna zuwa da kuɗinsu suna saye, musamman tun da aka buɗe sabon jirgin ƙasa a 2021 mai tasha a Moniya.

Abuja kuwa an zana ta ne a 1976, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Gidajen cikinta sun fi ƙarfin masu yi mata aiki, shi ya sa suke kwana a Nyanya da Mararaba da Masaka da Suleja da Zuba, wasu a Jihar Nasarawa wasu a Jihar Neja. Waɗanda suka yi gini ba takarda sun ɗanɗana kuɗarsu a rusau na tsakanin 2003 da 2007.

Sai gida Arewa, inda muke cewa can ne sauƙi. Da sauƙin, amma ba kamar da ba. A Kano, Nassarawa da Bompai sai manyan attajirai. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya nufi bayan gari ya sayi awon igiya, wato gonar da aka yayyanka ba tsarin hukuma, ba hanya mai faɗi ba magudanar ruwa. Ga kuma wata asara da ba a lissafawa: gidan da ka gina a Arewa kana Kurmi, wata 11 a shekara ba ka cikinsa, alhali nan kana biyan haya, 'ya'yanka da aka haifa a nan kuma Yarabanci ya fi zama a bakinsu, makarantarsu da sana'arsu duk a nan suke.

Bayan kuɗi akwai wani farashi da baƙo kaɗai ke biya, wato fargaba. Shagamu a watan Yuli 1999, Ketu a watan Nuwamba na shekarar, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, Sabo ta Ile-Ife a 2017, Shasha a watan Fabrairu 2021. Duk lokacin da irin wannan ta faru, wasu kan karyar da gidajensu su tafi. In ƙura ta lafa farashi ya koma inda yake har ya wuce, wanda ya sayar kuwa in ya dawo sai dai ya kama haya, wani lokaci a layin da ya taɓa mallaka.

Kasuwa na gaba, tsada na biye

Mu dubi yadda kasuwanninmu ke tafiya. A 1987 aka buɗe kasuwar Bodija, aka kwaso 'yan kayan abinci daga Orita Merin da 'yan shanu daga Sango. Gari ya zo ya cim mata, sai aka tura kara da mayanka can Akinyele. Bayan rikicin Shasha 'yan gwari da yawa ma can suka koma. Yanzu ga tashar jirgi a Moniya, ga masu sayar da filaye sun kafa alluna ko'ina. A Legas tun 2016 ake maganar mayar da Mile 12 zuwa Imota, a 2022 kuma aka ba mutanen Alaba Rago wa'adin tashi. A Lokpanta ta Jihar Abiya, a 2023 gwamnati ta ce kasuwar shanu ta zama ta yini kawai, masu kwana a cikinta su nemi gida a gari.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, labarin Sabo ne na 1916 yake dawowa. A kai mu daji, mu kafa rumfa da masallaci, mota ta fara tsayawa, mai abinci ta zo, mai chemist ya zo, cikin shekara 10 wurin ya zama gari. Ranar da aka sauke mu a wurin ita ce ranar da fili ya fi araha, ita ce kuma ranar da hankalinmu ke kan rumfa kaɗai. Tun ran gini ran zane.

Saboda haka ga abin da nake ganin tarihin nan ya koya mana. Da fari, abin da ya gagari mutum ɗaya a yau ba zai gagari ƙungiya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In 'yan kasuwa 50 suka yi adashe suka sayi eka da yawa a dunƙule kusa da sabuwar kasuwa, safiyo ɗaya za a biya, lauya ɗaya, a zauna da dangin masu ƙasa gaba ɗayansu a gaban basaraken wurin, a bi takarda har ofishin gwamna, sannan a yanka wa kowa nasa. Mai gudun riba kuma yanzu akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021, sai a je a ji sharuɗɗansu.

Na biyu, tsofaffin gidajen gado na cikin zango. Yawancinsu magada sun yi yawa, gini ya tsufa, ba mai gyara domin ba na mutum ɗaya ba ne, ƙarshe a sayar a raba kuɗin da ba zai sayi ko fili a bayan gari ba. Kafin a kai ga haka, magada su zauna da malamai a fitar wa kowa rabonsa a rubuce, mata da marayu a gaba, in ya so wanda ke da hali a cikin dangi ko a unguwa ya sayi rabon mai son fita.

Na uku, ba wanda ya ce a yar da Arewa. Gida biyu maganin gobara. Amma mai ƙarfin gida ɗaya ya tambayi kansa tsakani da Allah: ina 'ya'yana za su kwana in na rufe ido?

Daga ƙarshe ina roƙon dattawanmu da ke da tsofaffin takardun gidaje, ko rasiɗin kuɗin ƙasa ne na zamanin En'e, su fito da su daga ƙasan adaka a ɗauki hotonsu a ajiye a ofishin ƙungiya, tun kafin gara ko gobara ta riga mu. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mara gida gida, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.